Ɗumin da Baba ya nema a cikin akori-kura

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi direba. Duk wanda ya taɓa tsayuwar jiran mota tsakanin Tarai da Kibiya a wancan lokacin ya san shi, ko kuma ya san kukan akori-kurarsa, don ita sai an ji ta kafin a gan ta. Hatsi da albasa yake ɗauka zuwa kasuwanni, wani lokacin da masu kayan a kan buhunansu. Mutane sun yi masa shaidar haƙuri da riƙon amana, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da nake so in rubuta a kansa daban ne: taurin kansa. Da shi na rayu.

An haife ni da ciwon sikila. Yayana Nura ma da shi aka haife shi, kuma a lokacin sanyi ya tafi, tun ban yi wayo sosai ba. Wanda bai san ciwon ba zai ɗauka sanyi abu ne na ƙara bargo. A wurinmu sanyi shi ke tayar da ciwon, ya shiga ƙashi ya yi ta sara har mutum ya kasa kuka. Asibitin da ake duba ni a Kano yake, kuma idan ba a fita daga Tarai da an idar da sallar asuba ba, ba za a sami layi ba. Haka Baba zai naɗe ni da barguna ya ajiye a gidan gaba. A shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a ana ta maganar inda mata za su zauna a motocin haya, ni dai gaba ce wurina, ba wanda ya taɓa ɗaga masa maganar. Sai dai gidan gaban nan iska ta ko'ina take shiga. Wata tafiya ciwon ya tashi tun kafin mu wuce Rano, muka isa asibiti a hannu ya ɗauke ni, aka kwantar da ni.

Bayan an sallame mu ne ya tsaya yana kallon wani maɓalli a gaban motar, mai ja a gefe ɗaya da shuɗi a ɗaya gefen. Shekaru yana tuƙa motar bai taɓa tambayar amfaninsa ba, don ko an murɗa shi ba abin da yake yi. Ya nufi garejin Garba bakanike a Rano, abokinsa tun na ƙuruciya. Garba ya ce ai hita ce, mai ɗumama cikin mota, ta mutanen ƙasashen ƙanƙara. Da ya ji Baba so yake a tayar da ita, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam Idi, hita a Rano? Jira watan azumi ya faɗo a bazara, kyauta za a ba ka."

Baba ya ce, "Ni yanzu nake so. Buɗe mu gani."

Abin da suka gani na ji shi daga bakin Baba har na haddace. Ruwan da ke zagaya inji yana ɗaukar zafinsa, shi ne ya kamata ya bi ta tiyo biyu ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a gaban ƙafar fasinja, fanka ta huro iska ta cikinsa. Wani bakanike tun kafin motar ta zo hannun Baba ya yanke tiyon nan ya haɗe bakinsu da juna, don a ganinsa kayan banza ne. Suka sayo sababbi suka mayar. Iska ta fito, amma sanyi ƙalau.

Nan laifin ya dawo kan Baba da kansa, kuma bai musa ba. Direbobinmu suna da wata dabara: idan lagireto ya fara yoyo a hanya, sai a zuba masa garin kuka, ya kumbura ya toshe hujin. Ruwan kuwa duk wanda aka samu ne, na rijiya ko na kududdufi. Baba ya yi shekaru yana yi wa motar nan miya. Da suka mayar da tiyon, kukar da laka suka tafi kai tsaye suka toshe ɗan ƙaramin lagireton. Sai da aka ciro shi aka yi ta tura masa ruwa ta baya, yana aman abin da Garba ya ce saura daddawa kawai a kawo tuwo.

Aka mayar, aka sami ɗan ɗumi idan mota tana tsaye, da ta hau titi sai ya gudu. Baba ya lura allurar zafin inji ba ta tashi daga ƙasa, ko da an yi tafiya mai nisa. Da can murna yake yi da haka, yana cewa motarsa ba ta san zafi ba. Ashe wani ɗan ƙarfe ne babu, wanda kanikawa ke kira tamostat. Aikinsa ya tare ruwa har inji ya yi ɗumi, sannan ya buɗe masa hanya. A ƙasar nan kuwa da mota ta shigo hannu, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire shi a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Garba ya rantse shi da hannunsa ya cire na wannan motar, kuma taimakon Baba ya yi. Baba ya tafi Kano wurin masu tsofaffin kayan mota ya tono guda. Ina tuna shi tsugune a madafin Inna, ya jefa ƙarfen cikin tukunyar ruwa a kan murhu yana jira ya ga ko zai buɗe baki idan ruwan ya tafasa. Inna tana tsaye tana cewa a dai wanke mata tukunyarta.

Ya buɗe. Aka ɗaura. Kwana kaɗan bayan haka, da lodin masara a hanyar Durba, motar ta tafasa, farin hayaƙi ya biyo salansa, man inji ya koma kamar kunun gyaɗa. Gaskit, shimfiɗar da ke liƙe kan inji da jikinsa, ya ƙone.

Wannan shi ne lokacin da kowa ya ce ya haƙura, kuma ban ga laifinsu ba. Kakar zaɓe ce, ta biyu bayan dawowar farar hula, duk mai akori-kura an ɗaura masa lasifika yana zagaya ƙauyuka ana sallamarsa da yamma. Tamu tana garejin Garba, an kwance kan inji. Gidanmu ya koma kan man gyaɗa da ƙuli-ƙulin Inna. 'Yan'uwansa suka ce ya kashe abin neman abincinsa a kan abin da Allah ya riga ya rubuta. Garba ya ce a cire ƙarfen nan a huta, shi ya jawo.

Baba bai yarda ba. Ya ce wanda ya ƙera motar da ƙarfen ya ƙera ta, kuma ba mahaukaci ba ne. Idan ta tafasa, akwai wani abin da ke ɓoye. Ya sa aka sauke babban lagireton aka kai wa mai gyaransa, aka fasa. Fiye da rabin hanyoyin ruwan a toshe suke da tsohuwar kuka. Rashin tamostat ɗin ne ya rufa wa motar asiri duk shekarun nan. Aka zure su ɗaya bayan ɗaya, aka liƙe yoyon da dalma, aka sa sabon gaskit da sabon murfi. Da za a cika ruwa ya sa aka hau da gaban motar kan tudu, aka bar murfin a buɗe inji yana aiki, har iskar da ta maƙale a ciki ta gama fita. Garba ya yi aikin yana mita, amma ya yi shi da kyau, Allah ya saka masa. Daga ranar kuka ba ta ƙara shiga motar nan ba sai a buhu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kanikawa sun sami na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, amma da na sayi 'yar motata, yaron garejin bai gama gaishe ni ba ya ce bari ya cire mini tamostat. Na ce ya taɓa ya gani. Baba zai yi dariyar wannan. Gwajin jini kafin aure kuwa, wanda a zamaninsu ba a san shi ba, na san zai goyi bayansa da ƙarfinsa, ko da yake da an yi musu shi da Inna da babu mai rubuta wannan shafin. Ina faɗa wa duk mai shirin aure ya je ya yi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar da muka fara fita bayan gyaran tana nan a raina. Sanyi ake yi sosai. Kafin mu kai Kibiya allurar ta tashi ta tsaya a tsakiya, ɗumi ya fara taɓa ƙafafuna, ya hau gwiwa. A karon farko na yaye bargo a cikin motar nan na zauna kamar kowa ina kallon hanya. Wajen Rano na waiwaya na ga gumi yana bin gemun Baba yana ɗiga a rigarsa. Shi mutum ne da ko a sanyi a tsakar gida yake kwana, ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Na ce, "Baba, ka sauke gilashinka kaɗan mana."

Ya ce, "A'a Uwata, ni ma sanyi nake ji."

Haka ya yi ta jin wannan sanyin duk shekara, rigarsa sharkaf, har na girma na fara zuwa asibiti da kaina.

Motar an sayar da ita bayan rasuwarsa, na ji ma an yanka ta an auna a kilo. Bai bar gida a birni ba, ba a sa sunansa a kan komai ba. Idan aka tambaye ni me ya rage nasa, sai in ce ni. Ciwon bai bar ni ba, sanyin bana ma ya kwantar da ni, na kuma tashi. Akwai yara masu irin ciwona a Tarai, kuma duk ranar asibitinsu ni nake ɗaukarsu da asuba, gilashi a rufe. Zan ci gaba da yi muddin ƙafata tana iya taka totur. Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya masa makwanci, don zafin da zai sha ya riga ya sha shi saboda ni.