Tabarmar da Vasemaca Ba Ta Rufe Ba

Kowace safiya in Vasemaca ta sha shayin ganyen lemo, ba ta shanye kofin duka. Takan rage ɗan kaɗan, ta fito bakin ƙofa ta zuba wa wata kwakwa mai tsiro da ke jingine da dutsen matakala. Kwakwa ba ta bukatar shayi, kowa ya san haka, amma ba wanda ya taɓa gaya mata. In tsiron ya yi tsawo har saiwa ta fara neman ƙasa, sai mijinta Peniasi ya ɗauke ya kai gona, ita kuma ta nemo wata ta ajiye a gurbin. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Ƙofata na kallon tata, don haka na ga kwakwa da yawa sun zo sun wuce.

A garinmu, in cibiyar jariri ta faɗi, da irin wannan kwakwar ake binne ta, itacen ya tashi tare da mai shi. Uwa kuwa daga ranar sunanta ya ɓace, sai dai a ce Tinai wane, wato uwar wane. Sa'o'in Vasemaca duk sun daɗe da rabuwa da sunayensu. Ita kaɗai ake ƙwala wa kira da sunan yanka, a bakin rafi, a coci, har a gaban yara.

Ba wai ciki bai taɓa zuwa ba. Ya zo sau biyu. A duk wannan gefen tsibirin Kadavu ba wadda ta kai ta hannu a saƙar ganyen voivoi da muke yin tabarma da shi, kuma da yake uwarta ta rasu tun tana ƙarama, ita ta saƙa wa kanta 'yar tabarmar da ake fara kwantar da jariri a kai. A na farko ta gama a wata na shida, ta rufe bakin, ta yi masa geza da jan ulu. Bayan mako biyu aka naɗe abin da ya zo a cikin tabarmar, aka hau tudun bayan coci. A na biyu ta yi haƙuri har wata na takwas kafin ta sa geza. Wannan ya yi numfashi daga hantsi zuwa azahar. Ni na karɓe shi, don karɓar haihuwa na gada wurin uwata, ni kuma na naɗe shi. Tabarmi biyu masu kyau suna can a ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan sai shiru, shekara shida. Ta ci gaba da saƙa wa 'ya'yan mutane, ta je suna, ta ɗauki jariri ta yi masa wasa, ta mayar wa uwarsa.

Tana da shekara talatin da shida na lura ta daina cin kifi mai maiƙo, kuma warin busasshiyar kwakwa na korarta daga rumfa. Ban tambaya ba. Na dai fara aika mata gwaza dafaffe da miyar ganye ba kwakwa a ciki. Ta fahimci na fahimta.

Nas ɗin da ke zagayo mana da jirgin ruwa duk wata ta auna ta, ta saurari cikin, ta ce komai lafiya. Amma ta ja kunnenta: da zarar wata na tara ya kama, ta tattara ta koma Vunisea ta zauna kusa da asibiti, kada naƙuda ta same ta a nan. Tsakaninmu da can tafiyar awa biyu ce a teku, in teku ta yarda. Vasemaca ta ce to, da ta gama tabarma za ta tafi.

Ta yanko ganye, ta dafa, ta shanya, ta goge da ɓawon kawa har ya yi laushi kamar ƙyalle. Aikin da take yi a kwana huɗu, sai ga shi ya ci wata biyu. Yau ganyen bai bushe sosai ba. Gobe baƙin ganyen da za ta yi ado da shi bai kama rini ba, sai an mayar da shi cikin taɓo. Matan coci suka ce su zo ranar Alhamis su gama mata a zama ɗaya, ta yi godiya ta ce hannu biyu ba sa haɗuwa a tabarma ɗaya. Wata na tara ya kama, ya yi kwana goma, tabarma na nan saura tafin hannu ɗaya da rufin baki.

Sairusi, ɗan kawunta kuma taubashinta, shi ke da jirgin da zai kai ta. Kullum in ya dawo daga kamun kifi sai ya biyo ta ƙofarta.

"Ke mai ganga a gaba, yaushe za mu tafi? In kika ƙara kumbura, sai dai in ɗaura miki igiya in ja ki a bayan jirgi."

"Wannan jirgin naka mai tari kamar tsohon mashayin taba? Gara in yi iyo."

Yakan yi dariya ya wuce. Amma na ga ya ware fetur ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ko ƙaninsa bai ba aro ba. Peniasi kuwa ba mai magana ba ne. Sai dai ya tsaya ya dubi tabarmar, ya dubi teku, ya ɗauki addarsa ya tafi gona.

Wata ranar Juma'a na ɗauki nawa ganyen na je na zauna kusa da ita, kamar inuwar gidanta na zo sha. Muka yi ta saƙa. Ta yi layi ɗaya, ta tsaya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Na ce, "Vase, na tsufa, na karɓi 'ya'ya da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya duba bakin tabarma kafin ya kwanta ba."

Ta ajiye ganyen da ke hannunta. Goggon mijinta ce ni, Nei take ce mini. Can ta ce, "Nei, duk lokacin da na rufe..." Ba ta ƙarasa ba.

"Wa ya ce ki rufe? Naɗe ta haka ki tafi da ita."

Ta ce matan wasu garuruwa za su gani a asibiti, a ce ga tabarmar Vasemaca da zare-zare a baki kamar gemun bunsuru. Na ce su yi dariyarsu, dariya ba ta taɓa hawa da kowa tudun bayan coci ba. Ta sa bayan hannu ta share fuska, ta ce Litinin. Na ce Allah Ya kai mu.

Litinin ɗin ba ta jira mu ba. Asabar da hantsi tana kankare kwakwa faya ta fashe. Ruwan teku kuwa ya janye har can, jirgin Sairusi na kwance a kan yashi kamar kifin da aka manta. Ba a buga ganga ba, amma kafin in ɗauko zannuwa maza sun fito daga gonaki, su goma sha wani abu, suka kama jirgin da ita a ciki suka yi ta turawa a kan taɓo da duwatsu har ya samu ruwan da zai ɗauke shi. Ita kuwa hannu ɗaya a gefen jirgi, ɗayan a kan naɗin tabarmar.

Teku ba ta yi mana mugunta ba, ba ta kuma yi mana alheri ba. Duk in jirgin ya daki igiyar ruwa sai ta cije leɓe. Ba ta yi kuka ba, matan nan ba sa son a ji su. Sairusi ya ce mata ta riƙe abinta, bai saba ɗaukar fasinjan da bai shiga ta bakin gaɓa ba. Ta ce ya rufe mata baki ya tuƙa, bawan banza. Daga wannan ba ta ƙara amsa masa ba, shi ma ya daina.

Mun wuce rabi kaɗan na duba na ga kan jariri ya leƙo. Na ce wa Sairusi ya shiga bayan wani ɗan tsibiri inda iska ba ta kai, ya kashe inji. Ya juya baya ya kafa wa gajimare ido kamar an ba shi aikin ƙirga su. Peniasi ya miƙe ya ware zane tsakaninmu da rana, fuskarsa a gefe. Vasemaca ta durƙusa ta kama katakon zama. Na ce yunƙura, ta yunƙura. Na ce huta, ta huta. A karo na huɗu yarinya ta sulluɓo hannuna.

Ba ta yi kuka ba.

Ban san tsawon lokacin ba. Ruwa na lasar gefen jirgi, shi kaɗai nake ji. Na share mata baki da hanci, na kifa ta a tafina, na yi ta murza bayanta da zane. Vasemaca ba ta dubo mu ba, tabarmar take kallo. Sai 'yar ta yi wani ɗan tari, ta ja iska, ta tsala ihun da ya tashi tsuntsaye daga kan tsibirin.

Sairusi, bayansa na gare mu, ya ce, "To, wannan bakin na uwarta ne."

Na ɗora ta a ƙirjin uwar, na warware tabarmar da zare-zarenta na shimfiɗa musu, na lulluɓe su. Ban yanke cibiya ba, na bar wa masu almakashi mai tsabta. A Vunisea suka yanke, suka duba uwa da 'ya, suka riƙe su kwana uku. Matan da ke ɗakin sun ga tabarmar. Wata daga cikinsu ta tambaya ko sabon yayi ne, Vasemaca ta ce eh.

A kwana na shida cibiyar ta faɗi. Peniasi ya haƙa rami a gefen gida, aka sa ta, aka ɗora kwakwar bakin ƙofa a kai. Aka sa wa yarinya Litiana. Da yamma na leƙa ta taga na kira, "Tinai Litiana, kina da gishiri?" Sai da na kira sau biyu kafin ta gane da ita nake. Gishiri kuwa ina da shi.

Ba ta sake haihuwa ba, ba ta kuma nema ba. Ragowar shayin safe ya koma gindin itacen. Yau ya fi rufin coci tsawo, yaran gari na hawa.

Litiana tana aure a birnin Suva, cikinta wata takwas. Watan jiya Tinai Litiana ta yanko ganye, ta zauna kwana huɗu ta saƙa sabuwar tabarma. Ina kallo daga ƙofata ta rufe bakin tsaf, ta sa jan ulu har zagaye biyu, tana yi tana 'yar waƙar coci. Shekaranjiya ta hau jirgi da ita a hammata.

Tsohuwar tabarmar kuwa, kafin ta tafi ta kawo mini ajiya, wai kada ɓera ya ci. Na ce ko in rufe mata bakin kafin ta dawo, tunda zaman banza nake. Ta ce a'a, Nei, bar shi, ita za ta yi in ta samu sarari. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana neman wannan sararin. Tabarmar na nan rataye a kan gadona, saura tafin hannu ɗaya, zare-zaren na lilo in iska ta shigo.