Malam Hashimu Jibirilla, Mai Duban Yaran Lekol

Haihuwa da asali

An haifi Malam Hashimu Jibirilla a garin Gure ta ƙasar Damagaram a shekarar 1961. Mahaifinsa, Malam Jibirilla, falke ne mai kai kanwa da dabino kasuwar Gidigir. Mahaifiyarsa, Ya Kaka, mutuniyar Kelle ce, kuma a wurinta ya tashi da harshen Barebari, Hausa kuwa ya same ta a unguwa da kasuwa.

Karatu da aiki

Ya fara karatun allo a zauren liman na unguwarsu, sa'an nan aka sa shi lekol, wato makarantar boko, a shekarar 1968, inda ya tsaya a aji shida. A shekarar 1979, saboda harsuna biyun da yake ji, aka ɗauke shi tafinta ga ayarin masu allurar riga-kafi, wadda mutanen yankin ke ce wa lamba. Ya zaga da su rugage da ƙauyuka har cikin Alakos, kuma an shaide shi da iya lallashin iyayen da ke ɓoye 'ya'yansu a bayan rumbu. Bayan aikin ya ƙare a shekarar 1986 ya koyi ɗinki, ya buɗe shago kusa da tasha, ya riƙe wannan sana'a har ƙarshen rayuwarsa.

Aure da ɗan fari

A shekarar 1990 ya auri Hamsatu 'yar Malam Burahima. Allah ya ba su ɗa namiji a 1993, aka raɗa masa suna Alhasan. Bisa al'ada, da aka yaye shi sai kakarsa Ya Kaka, wadda ta koma Kelle bayan rasuwar mijinta, ta tafi da shi. Malam Hashimu ya riƙe alkunyar ɗan fari fiye da yadda tsararsa suka riƙe ta: ba ya ambaton sunan yaron, ba ya ɗaukarsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban kowa. Dattawa sun yaba masa ƙwarai a kan haka. Saboda wannan ɗabi'a, mutumin da ya yi shekaru yana kai lamba ga 'ya'yan makiyaya bai taɓa iya tambayar mahaifiyarsa ko an yi wa jikanta ba. Ita kuwa ba ta kai shi ba.

Shugabancin iyayen yara

A shekarar 2000 aka dawo da Alhasan Gure domin shiga lekol, kuma a wannan shekara iyaye suka zaɓi Malam Hashimu shugaban ƙungiyarsu. Tare da daraktan lekol da majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar unguwa, suka tsara ƙa'idojin lafiya: kada a karɓi sabon yaro sai uwayensa sun nuna karnen lamba, wato katin shaidar riga-kafi, a yanke wa yara farce, a aske masu ƙora, kowa ya zo da gorar ruwansa, yaron da ke da zazzaɓi ko jan ido ko ƙuraje ya zauna gida sai majo ya gan shi. Darakta bai nemi karnen Alhasan ba, don yana ganin rashin ladabi ne a tambayi tsohon ma'aikacin lamba irin wannan abu.

Kowace safiyar Litinin Malam Hashimu kan rufe shago, ya tsayar da yara a layi, ya duba idanu da farce da bayan kunne. Wanda ya samu da aibi, sai ya mayar da shi gida, ya kuma ambaci sunan iyayensa a taron wata. Daga cikin waɗanda suka sha wannan tozarci akwai Rahinatu mai ƙosai, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Balkisa. Amma idan layi ya kawo shi kan ɗansa, sai ya kau da kai ya wuce. Malamai suna gani, suna murmushi, suna ɗaukar abin a matsayin kamala.

Annobar 2001

A bazarar 2001, wata Litinin da safe, Hamsatu, wadda ita ma alkunya ta ɗaure wa baki, ta ce da mijinta, "Malam, yaron nan fa bai taɓa tuwonsa ba jiya." Ya kau da kai kamar yadda ya saba, ya fita. A layi ya wuce Alhasan, alhali idanun yaron sun yi ja, ƙuraje sun fara fitowa a bayan kunnensa. Yaron ya ci gaba da zama a aji har ranar da ya faɗi. Baƙon dauro ne, kuma ya bazu cikin ƙananan ajujuwa. Alhasan ya warke. Balkisa, wadda ke zama kusa da shi, cutar ta sauka mata a ido, ta rasa ganinta.

A taron iyaye na watan Mayu, Rahinatu ta miƙe a gaban jama'a ta ce, "Shugaba, kunnen 'yata ka murɗa saboda farce, ka kira sunana kamar ɓarauniya. Naka ɗan ba shi da kunne ne, ko idonka hutu yake ɗauka in an zo kansa?" Malam Hashimu ya miƙe. Ya roƙi a ƙara ƙa'ida ɗaya, cewa duk mai duban yara ya bar layin da ɗansa yake ciki ga wani uba, aka amince, sa'an nan ya ajiye shugabancin. Ana bin wannan ƙa'ida a lekol ɗin har yau.

Shekarun baya

Daga nan bai sake shiga taron jama'a ba, in ban da salla da jana'iza. Ya canja hanyarsa ta zuwa shago domin kada ya bi ta ƙofar Rahinatu. A shekarar 2004 ya ɗauki liman suka je neman gafararta. Ta karɓe su a zaure, ta ce, "Ni ba ni na makance ba, Malam. Ga ta can cikin ɗaki, shiga ka tambaye ta." Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ji motsin yarinyar, ya juya bai shiga ba. Ya sha ɗaura niyyar komawa, kamar yadda liman ya shaida, amma bai koma ba.

Mutanen Gure sun rabu a kan al'amarinsa. Wasu na cewa ƙaddara ce, kuma ba a zargin mutum don ya bi tarbiyyar iyayensa. Wasu na cewa wanda ya ɗauki amanar 'ya'yan jama'a ba shi da izinin rufe ido a kan kowane yaro, ko da nasa ne. Abin da ya fi wuyar warwarewa shi ne, halin da aka fi yabonsa da shi, shi ne ya jawo wannan hasara, kuma da yawa daga masu zarginsa sun kasance cikin masu yaba masa a lokacin da yake wuce ɗansa a layi.

Rasuwa

Malam Hashimu ya rasu ranar wata Alhamis cikin watan Nuwamba na 2022, bayan jinyar hawan jini, yana da shekara sittin da ɗaya. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar gabashin gari. Ranar sadakar uku Balkisa ta zo gaisuwa, ɗiyarta na riƙe da hannunta. Da liman ya nemi duk mai haƙƙi a kan mamacin ya yafe, ta ce, "Na ji takunsa a ƙofarmu ran da ya zo neman gafara, na gyara masa tabarma. Da ya shigo, da ya ji da kunnensa. Na yafe."

Ya bar matarsa Hamsatu da 'ya'ya huɗu: Alhasan, Mairamu, Abdullahi da Mahamadu. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya kasa roƙa.