Keken da Ya Hau Kawu Tunau

Duk wanda ya san Kawu Tunau, ƙanen mahaifiyata, ya san shi da keke a bisa kai. Da kuɗin tabarsa ta fadama ya saye shi, lokacin da ko a garin Isa kekuna ba su cika hannu ba, amma da ya hango rairayi ko ƙaya sai ya dira, ya naɗa gammo, ya ɗora keken a ka. Idan aka tsokane shi, amsarsa ɗaya ce:

"Ƙahwa Allah yab ba ni kyauta. Taya ko, da kuɗɗina nis saye ta."

Kowane rani yakan bi gulbi daga Turba, ya wuce Sabon Birni, har ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki yana sayar da taba. Ba ya kwana cikin gari, wai yara za su taɓa masa ƙararrawa. A bakin gulbi yake yada zango, ya lulluɓe keken da bargonsa, shi kuma ya kwanta haka nan. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Ni in niy yi mura ina warkewa," in ji shi. "Shi in yay yi tsatsa hwa?"

Sai ga shekarar da fara ta cinye gonaki, abin da ya rage kuma aka kwashe wa Turawa saboda yaƙinsu. Kafin bazara mun cinye har irin shuka. Ni da kaina na binne 'ya'yana biyu. Hadari ya fara haɗuwa, kuma a gidanmu babu ƙwayar geron da za a jefa a rami. Kawu ya ce yana da amini a hayin iyaka, in tashi mu je neman iri.

Kwana huɗu muka yi muna bin gulbi. Tub na cikin taya ya ɓace a kasuwa tun farkon yaƙi, don haka ciyawa ya cusa a tayoyin. Inda ƙasa ke da tauri ya hau, ni kuwa, mai mata da gemu, ina binsa da ƙafa. Ruwa sai mun tona rairayi, abinci kuwa bado ne, idan mun dace da tafkin da bai ƙafe ba.

Da muka isa ƙauyen, ya ce in jira a gindin wata tsamiya. Ya daɗe. Ya dawo babu bargo, babu ƙararrawa, sai 'yar jakar gero ɗaure a bayan keke. A mashigin gulbi masu tsaron iyaka suka tare mu, don an hana fita da hatsi. Suka kwance jakar suka ƙwace. Na roƙe su har na durƙusa. Kawu kuwa ya naɗa gammo, ya ɗauki kekensa. Ɗayansu ya tuntsire da dariya:

"Ku bar shi, mahaukacin ga na da keke ka hawa."

Daga nan bai ƙara hawa ba, ko a fako. Kusa da Gatawa ƙafafuna suka kumbura, na ce ya ɗora ni ya tura, ko zuwa wani gawo da ke gabanmu.

"Nomau, ƙahwarka ma kyauta ta."

Washegari da hantsi ruwan farko ya same mu a fili. Mutumin nan ya tuɓe rigarsa da rawaninsa ya nannaɗe tayoyi, ya tsuguna a kansu tsirara sai wando, haƙarƙarinsa a waje, yana karkarwa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Ga ruwan shuka ya sauka, mu kuma muna komawa hannu rabbana. Na ce masa:

"Kawu, Allah shi sa da keken ga za a bizne ka!"

Ya dube ni kawai. Har yau kallon nan bai bar ni ba.

Mun shiga Turba yana tari. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon, mata suka dubi bayan keke suka koma ɗaka. Ya ce wa uwata ta shimfiɗa tabarma, ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare tayar gaba. Gero ya zubo. Ya ɓanɓare ta baya, haka. Ya zare sirdi ya kifa keken, har daga cikin ƙarfen gero ke fita, busasshe ƙayau. Jakar nan ashe don masu tsaro ya ɗaura ta. Na ce don me bai gaya mini ba?

"In gaya maka? Da tun Gatawa ka cinye min taya."

Gaskiya ya faɗa, da na ci. Gida shida aka raba wa, tafi bibbiyu, muka shuka kafin ƙasa ta sha iska.

Tarin bai sake shi ba. Gero na fitar da kai ya kwanta. Na je neman gafara. Shi ya riga ni:

"Maganar da kay yi ta bizne ni da keke, kak ku soma. Ƙasa na cin ƙarhe."

Kwana tara ya rage a fara yanka ya cika, bai ɗanɗana ko tumu ɗaya ba. Keken yana nan a rataye a zaure, ni nake shafa masa mai, kuma ban taɓa hawa ba. Geron da muke shukawa har bana jikan wancan ne.

Ya Allah, bawanka Tunau ya sha rairayi da ƙaya a duniya. Ka gafarta masa, Ka ba shi abin hawa ranar tsallake siraɗi, Ka kuma sa ya yarda ya hau. Amin.