Ɗorawar da Buba Ya Yi wa Zobe

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, ga ta nan tafe.

Ina yarinya a Mbamba, da an idar da magariba kakata Goggo Dudu kan tara mu gaban murhu, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ba ta taɓa sa ɗanyen ice a wuta ba. In ka kawo mata, sai ta kankare ɓawon da farce. Ta ga kore, ta jefe ka da shi.

"Mayar inda ka ɗauko, ɗan banza. Wannan bai gama kwanansa ba."

A nan ta ba mu labarin Hayaƙi. Wai da can fitinanne ne, yana bi gida-gida yana shaƙe mutane, sai itatuwa suka haɗiye shi suka kulle a cikinsu. Itacen da ya mutu don kansa, hayaƙinsa ya tsufa, ba ya cutar kowa. Wani mutum kuwa ya gaji da jira. Ya zagaye gindin ɗorawa da gatari, ya ɓare ɓawon kamar zobe, ta bushe a tsaye, ya ce ajalinta ne. Gari ya yarda. Hayaƙi bai yarda ba. Ya fito, ya wuce mutumin, ya shiga gidansa yana tambaya, "Wa ya fi ƙanƙanta a nan?"

Dariya muka yi. Ita ba ta yi ba.

Shekarun rikicin nan, da hanyoyin arewa suka ƙi biyuwa, 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, kowane gida na neman gawayi. Ɗana Buba direba ne, aikin mota ya tsaya. Muna Vinikilang kusa da Jimeta lokacin, da ɗorawa uku a gonar da ubansa ya bari. Da su nake daddawa, da su na yaye shi kansa. Damina guda, duk ukun suka zubar da ganye.

"Tsufa ne, Dada," in ji shi.

Na je na durƙusa, na tone ƙasar da aka tara a gindinsu. Ga zoben nan, fari fat.

"Buba, tsufan ne ya riƙe gatari?"

"Dada, tatsuniya za mu ci? Kowa yi yake."

"Kowa na haifa?"

Don tsoron malaman daji, a bayan gidanmu ya binne icen ya kunna, zai yi gawayi. Kwana da kwanaki abin yana turnuƙe mu. 'Yarsa Halima, ko yaye ba a yi mata ba, ƙirjinta ya fara fito kamar sarewa. Ni na goya ta asibiti. Likita ya ce hayaƙi ne. Ban yi boko ba, amma na riga shi sani.

Goggo Dudu ta daɗe a ƙasa, dajin da muke yo mata ice duk ya koma bulo. Buba ya koma tuƙi. Kullum safe yana durƙusawa ya gaishe ni, in amsa da kalma ɗaya, ban ƙara. Daddawa kuwa a kasuwa nake saye kamar baƙuwa. Halima ta girma, tana makaranta da maganin shaƙa a jaka, 'yan'uwanta na gudu tana kallo.

Da yamma takan ce, "Kaka, tatsuniya." Ina ba ta kowace, ban da ta Hayaƙi. Yarinyar da wayo. Za ta tambaye ni sunan mutumin.