Baƙon da Gwaggo Ta Yanka wa Zakara

Ni tela ce. Shagona yana Gyaɗi-Gyaɗi, a wani lungu da ba shi da nisa da titin gidan Zoo, tsakanin mai cajin waya da mai kayan miya. Duk shekara, da watan Fabrairu ya kama, sai garin nan ya cika da mutanen da ba ruwansu da ranar masoya. Kowa ka tambaya zai ce maka al'adar Turawa ce, shi bai ma san ranar da take faɗowa ba. Amma jan yadi sai ya yi wuyar samu a kasuwa. 'Yan mata su yi ta shigo min da shi a ƙunshe cikin baƙar leda, kowacce da bikin ƙawarta, kuma cikin ikon Allah duk bukukuwan ranar sha huɗu ga wata suke faɗowa. Ni dai in auna kafaɗa, in auna ƙugu, in ce Allah ya sanya alheri, kamar na yarda.

A shekarar da nake ba da labari na riga na haura talatin, ba miji, ba kuma wanda yake sintiri a ƙofar shagona sai mai karɓar kuɗin shara. Ni abin bai hana ni barci ba, amma ya hana mutane da yawa. A cocinmu, idan matan zumunta suka zo addu'a, wurina a tsare yake: bayan marasa lafiya, kafin waɗanda ke kurkuku. Idan aka yi biki kuwa, ni ce mai ɗinkin anko, ni ce mai raba abinci, ni ce mai wankin tukwane, tunda a ganinsu ba wanda yake jirana a gida. Kuma duk matar da ta miƙo min kwanon da ta gama ci sai ta dafa ni ta ce, "Saura naki, 'yar'uwa." Ban taɓa gane ko bikin take nufi ko abincin ba.

Shugabar masu damuwa da ni ita ce gwaggona, yayar babana, wadda ke zaune a Tarauni. A hannunta na girma tun da aka kawo ni Kano koyon ɗinki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza duk aiki ya kai su wasu garuruwa. Mace ce mai addu'a ƙwarai, sai dai addu'arta a kaina ta fi kama da kai ƙara. Za ta rufe ido ta ce, "Ya Uba, ga 'yarka nan, ka dai san shekarunta, ba sai na faɗa ba. Ka san bakinta. Ka sassauta mata harshe, ka rufe kunnen wanda zai zo." Ni kuma in ce amin, don ba a gardama ido a rufe.

Ana gobe ranar masoya ta kira ni a waya.

"Gobe ki rufe shago da azahar, ki zo mu yi addu'a."

"To, Gwaggo."

"Ki yi wanka."

"Gwaggo, kullum ina wanka."

"Ki sa atamfar nan mai ruwan ganye. Kada ki zo min da zare a gashi kamar wadda ta kwana a ƙarƙashin keken ɗinki."

Na ce mata ban san Ubangiji ya fara duba atamfa kafin ya ji addu'a ba. Ta ce irin wannan bakin ne ya kawo mu inda muke, ta kashe waya.

Washegari na sallami mai ɗinki ta ƙarshe, na sa atamfar, na tare adaidaita sahu. Muna hawa titin gidan Zoo na fara ganin aikin hannuna yana yawo. Wata yarinya da ta rantse min bikin ƙawarta a Hotoro za a yi, ga ta nan a ƙofar shagon askirim, cikin jar rigar da na kwana biyu ina yi wa aiki, wani saurayi na riƙe mata jaka kamar an ba shi ajiyar jariri. Na ji daɗi dai da rigar ta zauna mata. Mai adaidaita ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, zamani ya lalace." Na ce ƙwarai. Sannan na lura da jan fure na roba da ya soke a bayan madubinsa, har da ledarsa.

Tun daga bakin ƙofar Gwaggo ƙanshi ya tare ni. Ta yanka zakaranta, wanda ta ƙi yankawa ko da Kirsimeti. Ta fito da farantan tangaran ɗin da tun ina yarinya a cikin kabad nake ganinsu, ban san ana cin abinci a ciki ba. Kujera uku ta jera.

Na ce, "Gwaggo, Ruhu Mai Tsarki ne zai zauna a ta ukun?"

Ta harare ni. Sannan ta rage murya, alhali mu biyu ne a gidan. Wani ɗan'uwa ne daga cikin mawaƙan coci. Malamin makaranta ne, ba ya shan komai sai shayi, yana da babur nasa na kansa, uwarsa kuma ta rasu. Wannan na ƙarshen ta faɗe shi ne kamar babbar shaidar kirki.

Na so in juya in tafi. Gaskiya kuma ban tafi ba, kuma ba don zakaran kaɗai ba. Na san mutumin daga nesa. Yana da murya mai kyau, ba ya cikin masu yin addu'a da Turanci don a ji. Na shiga ɗaki na duba madubi, na gyara ɗankwali, na ji haushin kaina da na gyara.

Da la'asar sai ga ƙarar babur. Ya shigo da sallama, ya durƙusa ya gai da Gwaggo, hannunsa riƙe da wata babbar leda mai ƙyalli. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da na ji a haƙarƙari. Ya juyo gare ni yana murmushi ya ce, "Sannu, Anti."

Anti. A nan ya kamata in gane. Amma Gwaggo ta raɗa min cewa tarbiyya ce.

Ya ci abinci kamar wanda ya yi azumin sati. Ya yaba shinkafa, ya yaba miya, ya ba mu labarin tsadar fetur da halin yaran yanzu. Gwaggo kuwa ta shiga tallata ni. Ni ce na fi kowa iya girki, alhali ko albasar ban yanka ba. Ni ce mai haƙuri, mai shiru-shiru. Da ta ce shiru-shiru sai da ruwa ya sarƙe ni.

Bayan ya wanke hannu, ya jawo ledar nan ya ɗora a cinya. Gwaggo ta gyara zama. Ya zaro farin leshi mai tsada, ya shimfiɗa shi a hannun kujera yana shafawa.

Ya ce, "Anti, ai Allah ne ya haɗa ni da Mama. Ran Lahadi bayan sujada ta tsare ni ta ce tana da 'ya mai hannu, idan na gan ta ba zan ƙara neman wata ba. Na ce kai, an amsa addu'ata. Don bayan Ista za a ɗaura mana aure, amaryar kuma tana Zariya, ta ce sam ba ta yarda da telolin can ba."

Fanka tana ta juyawa. Na dubi Gwaggo, na ga bakinta a buɗe, cokali a hannu.

Ni dai sana'a ta cece ni. Na ɗauki leshin, na murza shi tsakanin yatsu, na ce, "Ka zo da awonta?" Ya ce yana cikin waya. Ya nuna min hotonta ma, don in ga irin jikinta. Kyakkyawa ce, ba laifi. Muka yi maganar hannu da wuya da tsawon baya. Yana cikin magana ya kai hannu zai ƙara cinyar zakara, sai Gwaggo ta jawo kwanon ta rufe, ta ce, "Saura na masu gida ne, ɗana." Bai ma ji komai ba. Ya yi godiya, ya sa mana albarka, ya hau babur ɗinsa nasa na kansa ya tafi.

Ni na fara dariya. Na yi ta yi har na zame daga kujera na zauna a ƙasa. Gwaggo ta daure, ta daure, ta ce, "Zakarana," sai ita ma ta fashe. Ban san lokacin da tawa dariyar ta juye ba. Na dai ji ina goge fuska da gefen atamfar, kuma abin ya ƙi tsayawa. Ba mutumin nake wa kuka ba, ban san shi ba. Ɗankwalin da na gyara nake wa.

Gwaggo ta sauko ta zauna kusa da ni a kan leda, da ƙyar, saboda gwiwa. Ta ce, "Ba wai na ga kin gaza da wani abu ba ne, 'yata. Ni na san yadda gida yake idan aka rufe ƙofa ba kowa. Tun da maigidana ya rasu, sai in wuni ban ji muryar mutum ba sai ta rediyo. Ba na so in mutu in bar ki a haka."

Ban taɓa tunanin wannan ba. Shekara da shekaru ana yi min addu'ar kaɗaici, ita kuwa mai jan addu'ar ba wanda ya taɓa tambayarta da wa take cin abincin dare.

Ta ce yau ni zan yi addu'a, ita ta gaji da ba Allah shawara. Na rufe ido, ba ni da wasu kalmomi masu kyau. Na ce, "Ya Yesu, ka ga abin da ya faru, kana nan aka yi. Na ji kunya, kuma na ji ciwo." Daga nan na tsaya, don wani abu ya faɗo min a rai wanda na sani tun ina 'yar makarantar Lahadi amma ban taɓa juya shi ba. Wanda nake wa magana shi ma bai yi aure ba. Ya kai shekaruna a haka, a cikin mutanen da na tabbata suna da gwaggonni. Bikin da aka ba mu labarin ya je, na wasu ne, kuma da abin sha ya ƙare shi aka nema ya taimaka. Ba wanda ya isa ya ce rayuwarsa rabi ce. Na ce masa, "Ashe ka san aikin." Gwaggo ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, amma ba ta tsawata ba.

Ba murya na ji ba, ba kuma alkawarin miji aka yi min ba. Na dai ji ƙirjina ya saki, kamar an kwance ɗinkin da ya matse. Na gane cewa duk tsawon shekarun nan da ake gabatar da ni a gabansa kamar matsalar da aka kasa warwarewa, shi bai taɓa karɓata a haka ba. Na yi wa Gwaggo addu'a, da gwiwarta da gidanta mai shiru. Ta ce amin a hankali, ba irin amin ɗinta na zumunta mai tashin maƙwabta ba. Sannan muka buɗe kwanon muka cinye sauran zakaran da hannu, muka bar farantan tangaran a inda suke.

Tun daga ranar, duk Juma'a da yamma a Tarauni nake cin tuwo. Rigar amarya kuwa na ɗinka ta, na kuma yi mata aikin da ban taɓa yi wa kowa ba, don kada a ce baƙin ciki ya karkata min allura. Mun je bikin ni da Gwaggo, muka zauna a layi na biyu. Amarya ta shigo, coci ya ɗauki guɗa, mata suna ta tambayar wa ya yi ɗinkin. Ana tsakiyar wa'azi Gwaggo ta matso, ta kare baki da mafici, ta ce, "Ke, dubi abokin angon nan. Ba zobe a hannunsa."

Na ce, "Gwaggo, ba ki da sauran zakara."

Ta ce, "Akwai agwagwa."