Baturen Ailan Ya Binne Ni da Raina

Daura, da asuba

Ana sallame sallar asuba na sa babbar rigata ta zuwa biki, na tsaya a ƙofar masaukin baƙo. Baƙon Bature ne, mawaƙi daga ƙasar Ailan, sunansa Kolam, amma kafin ya kwana biyu a Daura ya koma Malam Kwalam. Ƙanen matata da ke koyarwa a Katsina ne ya haɗa ni da shi, in kai shi wurin wani tsoho mai gurmi a Dutsi.

Ni kuwa na riga na shaida wa duk majalisar Ɗan'iya mai shayi cewa Baturen nan sai ya sa sunana a waƙa. Ɗan'iya ya ce, "Sabo, in ya ambace ka, ni zan sha ruwan wanke kofuna." Mutum goma suka zama shaida, saboda haka mutuncina na ɗauka na shiga mota da shi.

Hanyar Sandamu

Direbanmu Lawwali ya taɓa zama a Legas, yana jin Turanci, shi ne tafinta. Motarsa kuwa, in ta yi tari sau uku sai ta yi tafiya sau ɗaya. A shingen 'yan sanda aka ga jakar jitar Kwalam, aka ce a buɗe. Ɗan sandan ya ja tsirkiya ɗaya, ya ce mu wuce, Allah ya ba Baturen lafiya.

A Sandamu muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Nan na sa Lawwali ya tambayo mini tarihin Kwalam. Ya ce tun yana saurayi yake waƙa a ƙananan ɗakunan shaƙatawa na garinsu, shi ke rubutawa, shi ke kaɗawa. Waƙarsa ɗaya ta taɓa zagaye ƙasarsu, daga nan kasuwa ta mutu, shekara da shekaru ba mai kiransa. Shi ya sa ya zo neman sabon sauti.

Na ce, "Wace waƙa ce ta yi tashen? Wane attajiri ya yi wa?"

Lawwali ya ce, "Wai ruwan sama ya yi wa."

"Ruwan sama? Me ruwan ya ba shi?"

"Wai ba komai."

Jama'a, ga dalilin mutuwar kasuwa a fili, mutum ya ƙetare teku yana nemansa! Ni na biya kuɗin ƙosan, na tabbatar Kwalam ya ga lokacin da na biya.

Dutsi

Hantsi ya dubi ludayi muka isa gidan Baba Ɗanladi mai gurmi. Tsohon nan bai ko tambayi abin da ya kawo mu ba. Ya ɗora gurmi a cinya, ya soma da kakan Lawwali, ya gangaro kan Lawwali, har motar nan mai tari ta samu baiti. Ni ma ya taɓa ni kaɗan, na liƙa masa a goshi. Kwalam ya rikice, ya ce me ya sa ake manna wa dattijo kuɗi a fuska? Aka yi masa bayani: mawaƙi ya ɗaga sunanka, kai kuma ka ɗaga aljihunsa.

Suka yi kiɗa tare har azahar, jita da gurmi, kuma gaskiya abin ya yi daɗi. Da muka zauna cin tuwon dawa sai na ce, "Lawwali, gaya masa lokaci ya yi."

Suka yi 'yan maganganu. Lawwali ya sunkuyar da kai. "Yaya Sabo, wai shi bai taɓa sa sunan kowa a waƙa ba sai wanda ya mutu, ko matar da ta gudu ta bar shi."

Na ture kwano. "Ni na mutu? Ko ni matarsa ce? Na bar shagona na gyaran rediyo a rufe, ƙashin bayana ya koma gari a motarka, ya ce sai na mutu? Gaya masa a Daura da rai ake cin waƙa!"

Baba Ɗanladi ya ba ni haƙuri. Kwalam ya yi ja kamar tattasai, ya ce zai gwada. Duk hanyar komawa yana ta gunaguni da jitarsa, ni kuma ina gyara hula.

Daura, bayan la'asar

Majalisa ta cika, har masu facin taya sun bar aiki. Kwalam ya zauna a benci, ya rufe ido, ya ja wani sauti a hankali kamar ana raka gawa. "Saaabo," in ji shi, murya na rawa. "Saaabo." Hawaye ya zubo masa, na gaske.

Sai Ɗan'iya ya cire hula, ya ce, "Allah ya jiƙan Sabo. Mutumin kirki ne, ban da ƙarya." Majalisa duka ta amsa da amin, ina zaune a tsakiyarsu.

Wani ɗan banza ya ɗauka a waya ya watsa. Kafin in kai gida, mata biyu daga Sandamu sun riga ni, suna yi wa maiɗakina ta'aziyya. Da ta gan ni a zaure sai ta ce in jira a waje, baƙi ba su gama kuka ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Baba Ɗanladi da Lawwali. Kwalam kuma ya aiko cewa waƙar ta karɓu a ƙasarsu, an soma kiransa wasa, ana ta tambayarsa yaushe na rasu.