Muryar Iliyasu a Ajin Malama Ummussalma

Ummussalma Jafaru haifaffiyar Kangire ce. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, sai yayanta Iliyasu, direban motar haya tsakanin Birnin Kudu da Kano, ya ɗauki nauyin karatunta. Da ta gama aka tura ta koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Gwaram. Kwamfutocin makarantar kaɗan ne ke tashi, don haka da wayarta take yawancin darasi. Tana nuna wa ɗalibai inda ake samun darussan lissafi da kimiyya kyauta a intanet, tana kuma hana su gaskata labari sai sun san wanda ya faɗa da inda ya samo. Har suna suka sa mata, Malama Wa-ya-ce.

Iliyasu ya rasu a haɗarin mota tana shekararta ta biyu a aiki. Ta ga gawarsa da idonta kafin a rufe.

Damina biyu bayan haka, wata Litinin da hantsi, wata ɗaliba 'yar Zandam mai suna Juwairiyya ta tsaya bayan darasi, riƙe da wayar babanta.

"Malama, akwai saƙon da ke yawo a garinmu. An ce muryar ɗan'uwanki ce."

Ta kunna. Aka yi sallama, aka yi 'yar gyaran murya irin wadda Iliyasu ke yi kafin ya faɗi magana mai nauyi. "Ni ne Iliyasu direba. Kada kowa ya sha ruwan sabuwar rijiyar burtsatse ta Zandam. An zuba wani abu a ciki. Na gani daga inda nake."

Ummussalma ta dafa tebur. Shi ne, har yadda yake jan ƙarshen magana.

"Mutane sun daina ɗiba," in ji Juwairiyya. "An koma tafki. Ƙanina ma yana kwance da gudawa."

Washegari Ummussalma ta kawo maganar gaban aji duka. Ta rubuta tambayoyinta na kullum a allo. Ta ce kowa ta tambayi wanda ya turo mata saƙon, shi ma a tambaye shi wanda ya turo masa. Cikin mako suka bi sawunsa daga Zandam zuwa wani mai shayi a Basirka, daga shi zuwa zauren direbobi na WhatsApp, daga nan zuwa wata lamba da babu wanda ya san mai ita.

A cikin aji suka kira lambar, da rana tsaka, waya a kan tebur kowa na ji. Ta daɗe tana ƙara, sannan aka ɗauka. Ba a yi magana ba. Numfashi kawai ake ji, a hankali, da hayaniyar tasha can nesa.

"Wane ne?" in ji Ummussalma.

Aka kashe. Da suka sake kira, lambar ba ta shiga, kuma ba ta ƙara shiga ba.

Wasu 'yan matan suka fara kuka. Ita ma ta ji kamar ta fita, amma ta buɗe musu wani darasi da ke bayanin yadda na'ura ke koyon muryar mutum daga tsofaffin saƙonninsa. Iliyasu ya bar irinsu da yawa a zauren direbobi. Sai ta naɗi muryarta, ta ba wata manhaja mai kwaikwayon murya, ta rubuta mata jimla. Tana tsaye a gabansu, bakinta a rufe, wayar ta ce da muryarta, "Gobe babu makaranta, kowa ta zauna a gida."

"A'uzu billahi!" in ji wata daga baya. Ba wadda ta yi dariya.

Juwairiyya da ƙawayenta suka kai wannan gwaji gidajensu. Shugabar makaranta ta sa ma'aikatan lafiya suka auna ruwan, ya fito lafiya lau, aka sanar a masallaci. Sannu a hankali mata suka koma rijiyar, ƙanin Juwairiyya ya warke. Wanda ya haɗa saƙon da dalilinsa, har yau ba a sani ba.

Ranar Asabar Ummussalma ta hau mota zuwa Kangire. Ta tarar da mahaifiyarsu, Inna Kaltume, zaune a inuwar rumbu tana tsince wake, waya a cinyarta, muryar Iliyasu na maimaita maganar rijiya. Maƙwabta suka ce haka take wuni.

"Inna, ba shi ba ne. Na'ura ce aka sa ta kwaikwaye shi."

"Na ji an ce kin iya," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "An ce kin sa ta yi muryarki a gaban yara."

"Na yi, don su gane."

"To ki sa ya gaishe ni. Ya ce, Inna, ina wuni. Shi ke nan abin da nake so."

Ummussalma ta zauna a tabarma. Tana da saƙonninsa a wayarta, kuma aikin ba zai ɗau lokaci ba. Ta daɗe tana kallon hannun tsohuwar cikin waken.

"Ba zan iya ba, Inna. Mu yi masa addu'a."

Inna ta yi fushi da ita har aka yi girbi. Daga baya wayar ta faɗa cikin ruwan wanki ta lalace, Inna kuma ba ta nemi a sake turo mata saƙon ba. Ummussalma na nan a Gwaram. Bara ta yi aure, kuma Juwairiyya, wadda yanzu ke karatun aikin jinya, ita ce ta yi mata lalle.